Tashoshin Jirgin Ƙasa na Zungeru

Zungeru ƙaramin gari ne a bakin kogin Kaduna, cikin ƙasar Wushishi ta Jihar Neja. Hausawan da suna ce masa Dungurum. Baƙon da ya ratsa garin a mota da wuya ya ga abin da zai tsai da shi, ban da kasuwa, da gadar kogi, da waɗansu kangayen gine-gine da ciyawa ta rufe. Amma a wannan gari ne jirgin ƙasa ya fara busa a duk ƙasar Arewa, shekara 10 kafin mutanen Kano su ga hayaƙinsa. A nan kuma Gwamnan Arewa ya zauna tun daga 1902 har aka ƙaura zuwa Kaduna.

Tasha biyu aka yi wa Zungeru, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta ƙaramin jirgi ce wanda ke kai da kawowa tsakanin gari da mashigin jiragen ruwa. Ta biyu ita ce ta babbar hanyar dogo wadda ta taso daga Ikko ta nufi Kano. Wanda ya san labarin tashoshin nan biyu ya san yadda garin ya tashi, da yadda ya koma baya, da kuma abin da ya riƙe shi bai mutu ba.

Yadda Turawa suka zaɓi Zungeru

Ran 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar Kamfanin Neja a Lakwaja, aka ɗaga ta Sarauniyar Ingila. Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, shi aka danƙa wa mulkin Nijeriya ta Arewa. Da fari ya zauna a Jebba. Jebba tana bakin Kwara, jiragen ruwa suna isa can, amma tana gefen ƙasa, nesa da Zazzau da Kano da Sakkwato, waɗanda a lokacin ba su shiga hannunsa ba tukuna. Saboda haka ya aika da mutanensa su bi kogin Kaduna, su nemo wurin da ya fi kusa da manyan sarakuna. Cikin shekarar nan aka ajiye sojoji a Wushishi. A farkon 1901 Turawa suka ci Kwantagora da Bidda, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da Etsu Nupe Abubakar suka fita daga garuruwansu. Da hanya ta buɗe haka, sai aka tsai da shawara a gina mazaunin Gwamna a Zungeru, gaba kaɗan da Wushishi.

To, a nan wahala ta taso. Duk abin da za a gina bariki da shi, siminti ne, ko kwanon rufi, ko katako, daga Ingila ake kawo shi, kuma ta ruwa yake zuwa. Kogin Kaduna kuwa ba ya barin jirgi ya kai Zungeru, gama daga Wushishi zuwa sama duwatsu sun tare shi. Jakuna da takarkarai ba su daɗewa a ƙasar saboda ƙudan tsando. Abin da ya rage shi ne kan mutum. Kayan ɗan dako ɗaya bai wuce laba 60 ba, tafiyarsa a yini kuwa kamar mil 15. Wanda ya lissafa yawan kawunan da za su ɗauke kayan gari guda zai ga abin ba mai yiwuwa ba ne. Wannan shi ya sa Lugga ya roƙi Gwamnatin Ingila ta yarda masa ya shimfiɗa 'yar gajeriyar hanyar dogo.

Tasha ta farko

Cikin 1901 aka shimfiɗa dogo daga bakin kogi a Wushishi zuwa Zungeru, tsawonsa kamar mil 12. Siririyar hanya ce, tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa 2 da inci 6 kaɗai. Kan jirgi biyu aka sayo mata daga kamfanin Hunslet na birnin Leeds a Ingila, aka kawo su a wargaje cikin jirgin ruwa, aka harhaɗa su a bakin kogi. Ba da daɗewa ba aka ga ko Wushishi ma jirgin ruwa ba ya isa sai ruwa ya cika sosai. Sai a 1902 aka ƙara wa hanyar kamar mil 10 zuwa Barijuko, inda kogi ya fi zurfi, tsawonta duka ya zama mil 22. A cikin wannan shekara Gwamna ya taso daga Jebba da ma'aikatansa ya tare a Zungeru.

Ga yadda tafiya take a zamanin nan. Baturen da ya taso daga Liverpool yakan sauka a bakin teku wajen Burutu, ya shiga jirgin kogi ya hau Kwara zuwa Lakwaja. Daga nan ya ci gaba har Muregi, inda Kaduna ta zuba cikin Kwara, sa'an nan ya juya ya hau Kaduna zuwa Barijuko. Da damina ƙaramin jirgi mai hayaƙi ke kai shi, da rani kuwa sai kwalekwalen Nufawa, ana tura shi da gora kwana da kwanaki. In ya taka ƙasa a Barijuko ya ga ɗan jirgin nan na jiransa, ya san wahala ta ƙare.

Tashar da ke Zungeru ba wani babban gini ba ne. Aikinta sauke kaya: siminti, da harsashi, da akwatunan kuɗi, da buhunan wasiƙu. Fasinjojinta yawancinsu ma'aikatan Gwamnati ne, watau Turawan mulki, da sojoji, da akawuna, da kukunsu da boyinsu. Duk da ƙanƙantarta, ta nan aka shigo da kayan da aka yi shirin yaƙin Kano da Sakkwato da su a 1903. Daga Zungeru kuma aka tura sojoji zuwa Satiru a 1906. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki jirgin nan na farko kamar abin da aka kawo don jin daɗin talakawa. Don mulki aka kawo shi, mulkin kuwa ya yi wa aiki.

Amma duk inda aka kafa bariki, gari yakan tsiro a gefensa. Akawuna da masassaƙa da magina suka zo daga Ikko, da Anacha, da Saliyo, da Gwalkwas. Hausawa fatake da mahauta suka zo, Nufawa suka kawo kifi, Gwarawa, watau Gbagyi, masu ƙasar, suka kawo doya da itace. Gwamnati ta gina gidan renon yaran da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi. Cikin akawunan nan akwai wani mutumin Anacha wanda aka haifa masa ɗa a Zungeru ran 16 ga Nuwamba, 1904. Yaron ya tashi da Hausa a bakinsa. Shi ne Nnamdi Azikiwe, wanda ya zama Shugaban Ƙasar Nijeriya na farko a 1963.

Gardamar manyan hanyoyi biyu

Tun ƙaramin jirgi na aiki ake ta shawarar yadda za a kai dogo Kano. Mutanen Ingila suna da masaƙu masu yawa, suna kuwa sa rai ƙasar Hausa za ta cika su da auduga. Sai dai Gwamnatin Ikko da ta Arewa ba su yi baki ɗaya ba. A Kudu an riga an buɗe hanya daga Ikko zuwa Badun tun 1901, su suna so a ci gaba da ita har Kano, don kaya su riƙa fita ta tasharsu su sami kuɗin fito. Na Arewa kuwa suka ce a tashi daga bakin Kwara, a wani wuri da ake kira Baro, inda jirgin ruwa ke isa, don hanyar ta fi gajarta, ta fi araha, kuma ba sai an haye Kwara da gada ba.

Lugga ya bar Arewa a 1906. A 1907 aka aiko Sir Percy Girouard, mutumin Kanada, wanda ya ƙware ga aikin reluwe tun a Sudan da Afirka ta Kudu. Cikin shekarar nan Gwamnatin Ingila ta raba gardama, ta ce a yi duka biyu. Hanyar Baro ta bi ta Minna da Zariya zuwa Kano, mil 356. Ta Ikko kuwa ta haye Kwara a Jebba, ta bi ta Zungeru, ta tarar da ta Baro a Minna. Dukansu faɗinsu ɗaya, ƙafa 3 da inci 6.

A lura da abin da wannan shawara ta jawo wa Zungeru. Babban birnin Arewa ne a lokacin, amma mahaɗar hanyoyin ba ta faɗo a kansa ba, ta faɗo Minna, wadda ƙauyen Gwarawa ne a bisa dutse, ƙasa da mil 40 daga Zungeru. Tun daga ran nan Minna ta fara girma.

Waɗanda suka ɗauki ƙasa

Ba da inji aka yi hanyoyin nan ba. Da gatari aka sare daji, da diga aka fasa tudu, da kwando a ka aka cike kwari. Mr. John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka ta Arewa, shi ya riƙe aikin Baro zuwa Kano, leburori kuwa ta hannun sarakuna aka samo su. Razdan ya gaya wa sarki yawan mutanen da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci ya shiga gari ya nuna waɗanda za su tafi. Mutum ya yi 'yan makonni a bakin aiki, a sallame shi, a kawo wani. Ana biyansu lada da tsabar kuɗin Turawa, kowa a hannunsa, da haka sule da sisi suka fara korar wuri daga kasuwanni. Amma wanda aka nuna ba shi da ikon ya ce ba ya zuwa, ko da gonarsa na jiran noma.

Nauyin aikin nan ya fi faɗawa kan Nufawa da Gwarawa, don ta ƙasarsu aka fara bi. Ban da ɗiban mutane, akan karɓi hatsinsu don ciyad da leburori. Abin ya dame su ƙwarai. A 1909, a Gussoro cikin ƙasar Kuta, mutanen gari suka tare wani Baturen mulki da 'yan sandan da ke tare da shi suka kashe su, Gwamnati kuma ta aika da sojoji suka murƙushe garin. Littattafan da suka ba da labarin dogo sun riƙe sunayen Gwamnoni da injiniyoyi. Dubban mutanen da suka ɗauki ƙasa a ka ba wanda ya rubuta sunansu, ko da yake tudun da jirgi ke bi a kansa aikinsu ne.

Tasha ta biyu

Dogo ya kai Jebba daga Ikko a 1909. Na Baro ya isa Kano cikin watan Maris, 1911. A 1912 jirgi ya fara tafiya daga Ikko har Kano, mil 700 da 'yan kai, yana tsayawa a sabuwar tashar Zungeru. Cikin Oktoba na wannan shekara aka gama reluwen Kudu da na Arewa suka zama ma'aikata ɗaya, watau dogo ya riga mulki haɗuwa, gama ba a gama Kudu da Arewa ba sai ran 1 ga Janairu, 1914. Da fari in jirgi ya zo Jebba sai a ɗora taragai a kan jirgin fito a haye da su, har aka gama gadar Jebba aka buɗe ta a 1916.

Da babbar hanya ta zo, ƙaramin jirgi ya rasa aiki. Wa zai yi kwanaki cikin kwalekwale alhali ga jirgi daga Ikko har ƙofar bariki? Sai aka rufe tashar farko, aka tumɓuke ƙarafan, aka kai su Zariya tare da kawunan jirgin. Da su aka fara siririyar hanyar da ta tashi daga Zariya ta hau dutse don kwaso kuza, wadda ta kai Jos da Bukuru a 1914, ta yi aiki har aka rufe ta a 1957. Daga baya aka ajiye kan jirgi ɗaya na Wushishi a tashar Minna don tunawa.

Yadda ake aiki a tasha

Mutum ya ga jirgi ya zo ya wuce sai ya zaci direba ne kaɗai ke aiki. Ba haka ba ne. Hanyar Ikko zuwa Kano layi ɗaya ce, jirgin da ya nufi Arewa da wanda ya nufi Kudu a kan ƙarfe ɗaya suke tafiya. Ba inda za su kauce wa juna sai a tasha, inda aka yi layi na biyu a gefe. Babban aikin shugaban tasha shi ne ya tabbata jirgi biyu ba su shiga tsakanin tasha da tasha a lokaci ɗaya ba.

Dabarar da aka yi ita ce ta sanda. A kowace tasha akwai wani akwatin ƙarfe mai riƙe da sanduna, an gama shi da waya da irinsa na tasha ta gaba. In jirgi zai tashi, shugaban tasha ya buga wa na gaba ƙararrawa ya nemi hanya. Sai wancan ya yarda sa'an nan akwati zai saki sanda ɗaya. A miƙa wa direba, ita ce izninsa. Muddin sandan nan na waje, akwatunan biyu ba su sakin wata, sai direba ya kai ta tasha ta gaba an mai da ita. Direban da ya tashi ba sanda ya yi babban laifi, ko da bai gamu da kowa ba.

Ƙarƙashin shugaban tasha akwai akawun tikiti, da akawun kaya mai sikeli, da masu juya layi, da mai kunna fitilu. A bakin tasha ta kowane gefe akwai dogon ƙarfe mai hannu: in hannun ya miƙe, jirgi ya tsaya, in ya sunkuya, ya shigo. Da dare fitila ja da kore ke yin wannan aiki. Jirgin hayaƙi kuma mashayin ruwa ne, saboda haka akan yi tanki a bisa ƙarafa, da famfon da ke jawo masa ruwa. Da fari itace ake ƙonawa da kwal ɗin Ingila, har aka fara haƙar kwal a Inugu wajen 1915. Can cikin daji kuma, kowane 'yan mil, akwai ƙungiyar leburori da helmansu, suna bin dogo kullum suna duba ƙusoshi, suna gyara inda ruwa ya ci. Yawancin abin da aka ɗora dogo a kai na ƙarfe ne, don gara ba ta barin katako.

A da taragan fasinja daraja uku ne. Na ɗaya, wanda ake kira faskila, yana da gado da wurin cin abinci, a zamanin Turawa kuwa kusan su kaɗai ke shigarsa. Na biyu, sikinkila, na akawuna ne da attajirai. Na uku na kowa da kowa, bencin katako ne, mutum ya shiga da tabarmarsa da butarsa da ƙunshin guzurinsa. A nan Bahaushe da Bayarabe da Banufe da Ibo suke zama kafaɗa da kafaɗa kwana biyu, a ci goro tare, a koyi gaisuwar juna.

A da lokacin zuwan jirgi shi ne agogon gari. Tun ba a ga hayaƙi ba mata da yara sun jeru a bakin dogo da tallan soyayyen kifi, da doya, da ƙosai, da rake, da ruwan sha. Cinikin 'yan mintoci ne, ta taga ake miƙa kaya a miƙo kuɗi. Gadi ya busa usur, ya kaɗa tuta, jirgi ya ja, kasuwa ta watse sai wani ya zo. Gidaje da yawa da cinikin nan suka ci abinci shekara da shekaru. Ta jirgin kuma wasiƙa ke zuwa, da jarida, da labarin farashin kaya a Ikko da Kano.

Ƙaura zuwa Kaduna

Lugga ya komo a 1912, ya zama Gwamnan Kudu da Arewa duka. Ya ga Zungeru ba ta dace da babban birni ba: zafi ya yi yawa, sauro ya yi yawa, ciwo ba ya ƙarewa a bariki. Dalilin da ya sa aka zaɓe ta tun farko kuwa, watau kusanci da jirgin ruwa, dogo ya riga ya kashe shi. Sai ya zaɓi wurin da dogo ya haye kogin Kaduna a kan hanyar Zariya, inda ƙasa ta fi tudu, iska ta fi sanyi. A 1913 aka fara kai sojoji can. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jinkirta aikin, amma zuwa 1917 Gwamnati ta tare a Kaduna.

Tashar da ta shigo da kayan Gwamnati ita ta fitar da su. Aka loda takardu da kujeru da akwatunan baitulmali, akawuna suka bi da iyalinsu, 'yan kasuwa suka bi akawuna. Har 'yar gadar ƙarfe ta ƙafa da Lugga ya kafa a Zungeru daga baya aka kwance ta aka kai Kaduna, aka kafa ta a lambun bakin kogi. Gidan Gwamna ya zama kango. Masu magana sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Amma in ruwa ya zube ya bar tulu, da sauƙi. Gwamna ya tashi, tasha ba ta tashi ba, ita ce kuwa ta riƙe garin. Ma'aikatan reluwe suna karɓar albashi kowane wata, suna kashe shi a kasuwar Zungeru. Baƙi ba su daina zama ba. A nan aka haifi Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu ran 4 ga Nuwamba, 1933, wanda ya shugabanci Biyafara a yaƙin basasa.

Zamanin cikar kasuwa

Audugar da Turawa suka sa wa rai ba ta zo yadda suka so ba, gama masaƙan ƙasar Hausa suna sayenta da tsada. Gyaɗa ce ta cika taragai. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000. Da aka gama gadar Jebba, yawancin wannan kaya ya bar hanyar Baro ya koma ta Ikko, watau ta Zungeru. Mai zaune a bakin tasha yana ganin arzikin ƙasa na wucewa: gyaɗa da fatu da kuza da shanu sun nufi Kudu, goro da gishiri da kananzir da yadi sun nufi Arewa. Goron Gwanja, wanda da fatake ke wata da watanni kafin su kawo shi Kano a kan jakuna, ya koma zuwa ta teku har Ikko, jirgi ya kawo shi cikin 'yan kwanaki da ɗanyensa. Ba wata hanyar dogo da ta gama Arewa da teku ban da wannan sai a 1927, sa'ad da ta Fatakwal ta iso Kaduna ta Kafanchan. A Yaƙin Duniya na Biyu ta nan sojojin Arewa da yawa suka bi zuwa Ikko, aka kai su Bama.

Ma'aikatan reluwe sun san ƙarfinsu. Cikin Yuni, 1945, suka shiga gaba a babban yajin aikin da aka yi saboda tsadar rayuwa, Michael Imoudu na cikin shugabanninsu, jirage suka tsaya fiye da kwana 40. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta karɓi aikin daga hannun Gwamnati. A shekarar nan kuma aka fara kawo kawunan jirgi masu shan man dizal, waɗanda ba su bukatar tsayawa shan ruwa a kowace tasha. A 1964, shekarar da dogo ya kai Maiduguri, mutum fiye da miliyan 11 suka shiga jirgin ƙasa a Nijeriya.

Komawa baya

Daga nan abin ya fara raguwa. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata 'yan Gabas, waɗanda da yawansu direbobi ne da akawuna da makanikai, suka bar tashoshin Arewa, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Da kuɗin man fetur ya shigo, aka zuba shi ga titunan mota, aka bar dogo yadda Turawa suka shimfiɗa shi, siriri, mai yawan kwana, jirgi ba ya iya gudu a kansa. Gyaɗa ma ta ja baya bayan fari da cutar da suka same ta wajen 1973 zuwa 1975. A 1974 fasinjoji sun ragu zuwa miliyan 4 da 'yan kai. Aka ɗauko gwanaye daga Indiya suka riƙe aikin daga 1979 zuwa 1982, ya ɗan farfaɗo, da suka tafi ya sake kwantawa. Jirgin da ake sa agogo da shi ya zama sai a kwana a tasha ana jiransa. A 1976 kuma, da aka ƙirƙiro Jihar Neja, Minna aka ba babban birni, mahaɗar dogon nan ta 1912.

An gyara tsohuwar hanya, cikin Disamba, 2012, jirgin fasinja ya sake tashi daga Ikko zuwa Kano, tafiyar fiye da awa 30. Mutanen ƙananan tashoshi suka yi murna, masu talla suka komo bakin dogo. Amma a 2022 aka dakatar da shi saboda 'yan bindiga da suka addabi dajin da ke tsakanin Minna da Kaduna. Sababbin hanyoyi masu faɗi kuwa, kamar ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da ta Ikko zuwa Badun a 2021, ba su bi ta Zungeru ba. Abin da ya sake fito da sunan garin shi ne kogin nan da ya kawo Turawa tun farko: a 2013 aka fara gina madatsar ruwa a kansa mai ba da wutar lantarki megawat 700, aka gama ta a 2023.

Labarin Zungeru ya nuna ƙaramin gari bai cika samun ta cewa ba game da hanyar da za ta raya shi. A London aka yanke shawarar inda dogo zai bi, a ofishin Gwamna aka yanke ta ƙaura, mutanen gari sai dai su ga kaya na sauka ko suna tashi. Abin da ke hannunsu shi ne su riƙe tarihinsu kada ya ɓace. Tashar farko ba ta kai shekara 12 ba aka tumɓuke ta, waɗanda suka gan ta da ido duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma tsofaffin da suka yi aiki a ta biyu, da matan da suka yi talla a bakinta, waɗansunsu suna nan da rai. Wanda Allah ya ba ilmin karatu da rubutu, ya kamata ya zauna da su, ya tambaye su sunayen jirage da lokutan zuwansu, da kuɗin tikiti, da abin da ake sayarwa, ya rubuta ya ajiye wa na baya. Waiwaye adon tafiya ne.